Kawu Sale Mai Tayi Ɗaya

Duk wanda ya taɓa hawa benen nan na bayan Fordham Road ya shiga wurin Kawu Sale ya san dokar gidan, kuma yawancinku da cikinku kuka koye ta. Kawu sau ɗaya yake tayin abinci. Zai ajiye maka kwano, ya buɗe, tururi ya bugi fuskarka, ya ce, "Bismilla, za ka ci?" Kai kuma ɗan mutunci, wanda aka yi wa tarbiyya a gida, sai ka sunkuyar da kai ka ce, "A'a, alhamdu lillahi, yanzu na tashi daga kan abinci." Kafin ka rufe baki ya mayar da murfi ya kai kwanon kicin. Sai ya dawo ya zauna da fara'arsa yana tambayarka mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kai kuwa kana amsawa hanjinka na kuka.

Ni Ramatu, 'yar ƙanwarsa, shekara shida na yi a gidan kafin in yi aure, don haka na ga manyan mutane da yawa sun sauka daga benen nan da murmushi a fuska da yunwa a ciki. In na yi masa magana sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ramatu, a Jamus a'a a'a ce." Kwana goma sha tara kacal ya yi a Jamus ɗin nan a duk tsawon rayuwarsa, amma mun fi shekara ashirin muna shan wahalarsu.

Ga yadda abin ya faro, kamar yadda ya ba ni labari sau babu adadi yana kan keke yana ɗinki. Tun kafin ya zo Amurka, lokacin yana da shago a Zariya, ya tafi Jamus sayen tsofaffin kekunan ɗinki. Ɗan garinmu da zai sauke shi ashe ya daɗe da tashi daga gidan da ya kwatanta. Mai sayar da kekunan, wani dattijo mai suna Helmut, ya ga baƙo tsaye a bakin shago da jaka a kai, sanyi na kaɗa shi, sai ya sa shi a mota ya kai shi gidansa, a wani ƙaramin gari da har Kawu ya mutu bai taɓa faɗar sunansa iri ɗaya sau biyu ba. Matar gidan sunanta Gisela. Kawu tun ranar ya naɗa mata Inna Gizala.

Inna Gizala ta jera kaza da dankali da burodi a kan tebur, ta tambaye shi da Turanci ko zai ci. Kawu, wanda rabonsa da abinci tun cikin jirgi, ya gyara hula ya ce a'a, ya gode, ya ƙoshi.

"Na zauna ina jiran tayi na biyu," in ji shi, "sai na ji mata tana wanke kwanuka."

Washegari ya kwana da niyyar cewa i. Da aka tambaye shi, bakinsa da kansa ya ce a'a. Ya rantse mini ba shi ya faɗa ba, tarbiyyar kakarmu ce ta yi magana. Helmut da matarsa kuwa suka zauna suka yi shawara, suka yanke cewa baƙonsu azumi yake yi irin na addininsa. Don girmama shi suka daina cin abinci a gabansa gaba ɗaya. Sai su rufe ƙofar kicin su ci a hankali, kada ƙarar cokali ta dame shi.

A rana ta uku Inna Gizala ta fita bayan gida da hantsi za ta ba zomayenta abinci, ta tarar da baƙo durƙushe a gindin kejin, busasshen burodin zomaye a hannu ɗaya, karas a ɗayan.

"Zomo na kallona, ina kallonsa," in ji Kawu. "Wallahi shi ya fi ni gaskiya, don nasa ne."

Ta ja shi ciki ta zaunar da shi, ta ce ya yi mata bayani. Ya tattara ɗan Turancinsa ya gaya mata cewa a wurinmu baƙon kirki ba ya karɓar abinci a tayin farko. Zai ce a'a, a sake yi masa tayi ya ce a'a, sai a na uku ya ce, "To, tunda kun matsa." Matar ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta ɗauko wani ɗan littafi mai koren bango ta rubuta, ta sa ya maimaita ta sake dubawa. Sannan ta dafa masa abin da ya ce sai da ya kwance tazuge. Sauran kwana goma sha shidan nan, ta ciyar da shi har wandon da ya je da shi ya ƙi rufuwa, ta ɗinke masa rigar sanyi, Helmut kuma ya raka shi har tashar jirgin ƙasa ya tsaya sai da jirgin ya ɓace.

Abu biyu Kawu ya baro Jamus da su. Na farko dokar nan, don ya ce al'adar da za ta kai magidanci ga cin abincin zomo ba al'ada ba ce, kuma shi zai yi maganinta a cikin Hausawa ko da mutum ɗaya-ɗaya ne. Na biyu wani buri da ya zauna masa a zuciya. A saman kabad ɗin falonsa akwai faranti biyu masu shuɗin baki, a naɗe cikin tawul, ba mai taɓa su. Ranar da na iso daga gida na ɗauko ɗaya zan zuba shinkafa, ya yi mini tsawar da ban sake jin irinta ba. Da ya huce ya ce, "Na Helmut ne da Inna. Na ci abincinsu kwana goma sha shida, ko ruwan gidana ba su taɓa sha ba. Ina roƙon Allah kada ya ɗauki raina sai na ga sun ci tuwona."

Kada ku ɗauka a kan abinci kawai Jamusancin ya tsaya. Kowace safiya ƙarfe bakwai sai ya buɗe duk tagogin gidan na minti goma, wai iskar jiya ta fita, ko da ƙanƙara na zuba a watan Janairu. In na leƙo daga cikin bargo na ce, "Kawu, kashe ni za ka yi," sai ya ce, "Inna Gizala da wannan iskar ta haura saba'in, ke da hitar ɗumama ɗaki ko talatin ba ki kai ba kina ciwon baya." A kan titi kuma, kun san yadda ake tsallaka Fordham, kowa ya duba hagu da dama ya wuce abinsa. Kawu shi kaɗai zai tsaya yana jiran fitila, ko da babu mota daga nan har inda ido ya tsaya. Wata rana wani ɗan sanda ya tsallaka a kan ja, ya waiwayo ya yafito shi, wai tsoho zo mu wuce. Kawu ya girgiza masa yatsa ya nuna masa fitilar. Ɗan sandan ya dawo ya tsaya kusa da shi, suka jira tare.

Amma wadda ta kusa cinye ni ita ce ta ranar neman aurena. Dangin Awudu mijina mutanen Zangon Kumasi ne, a Park Hill suke zaune. Ku da kuka san hanyar kun san aiki ce: bas, jirgin ruwa, sannan jirgin ƙasa har Bronx. Baffansa Alhaji Tanko ya jagoranci dattawa huɗu, ba wanda ya karya da safe, don an gaya musu gidan surukai za a je kuma an sayi rabin rago. Na kwana biyu ina roƙon Kawu.

"Kawu, don girman Allah, yau ɗaya. Ka yi tayi sau uku."

"In na yi yau, gobe da wane baki zan yi wa wani?"

"Aurena ne fa."

"To ai gara su san gidan da za su shiga."

Suka iso, aka gaisa, ya ajiye babban tire na shinkafa da naman rago har yana naso. Ya ce bismilla. Alhaji Tanko ya shafa gemu ya ce, "A'a, Malam Sale, mun gode, a ƙoshe muke." Ina bayan ƙofa na ciji yatsa. Tire ya wuce ta gabana ya koma kicin. Awa biyu dattawan nan suka yi suna maganar aure cikin ƙamshin rago, muryoyinsu na ƙara yin ƙasa. Da suka fita na juye abincin a kula biyu na bi su da gudu, na cim musu a tasha suna jiran jirgi. Alhaji Tanko bai tambayi cokali ba. Sai da ya kai loma ta biyar ya ɗago ya ce da Hausarsu ta Kumasi, "Yarinya, kawunki mutumin kirki ne paa, amma kansa ba daidai yake ba."

Ranar ɗaurin aure kuwa, tun daga ƙasan bene aka jiyo muryar Alhaji Tanko: "Salamu alaikum, Malam Sale, zan ci!" Kawu ya juyo ya dube ni da alfahari ya ce, "Kin gani? Na gyara ɗaya."

Duk shekara bayan babbar salla yakan zauna ya rubuta wa Jamus wasiƙa da hannunsa, ya sa hoton kansa cikin sabon ɗinki, ya rufe da tambaya ɗaya: yaushe za ku zo? Amsa takan dawo cewa ba bana ba, Helmut bai ajiye aiki ba, ko ƙafarsa na ciwo, ko an yi musu jika. Maimakon ya ji haushi sai ya riƙa yawo da takardar yana nuna wa abokansa na Titi na 125. "Ku ji mutane. Ba bana ba. Da ɗayanku ne cewa zai yi yana nan tafe, in yi ta share ɗaki." Sai wata shekara amsar ta zo da hannun Inna ita kaɗai, ta ce Helmut ya rasu. Kawu ya sauko da farantan, ya daɗe yana kallonsu, ya mayar da ɗaya cikin tawul ya sa a ƙasan akwati. Ranar bai buɗe shagon ɗinkinsa ba, kuma na ji tausayinsa yadda ban taɓa ji ba.

Ba a daɗe ba shi ma zuciya ta fara ba shi wahala. Ya rame, hawa benen ya koma sai ya huta sau biyu, keken ɗinkin ya yi ƙura. Ni da nake aikin kula da tsofaffi na san abin da nake gani, shi ma ya sani. Ya daina zancen farantin, sai dai in kama shi yana ɗaga kai yana duban saman kabad. Ban gaya masa ba na rubuta wa Inna Gizala da kaina, na faɗa mata gaskiyar halin da yake ciki, tunda an ce su ba sa son kwana-kwana. Amsarta layi biyu ce. Ta faɗi ranar da za ta zo, ta ce ƙarfe ɗaya na rana.

Kawu ya miƙe kamar ba shi ba. Ya sa na kai shi shagon kayan miya na 'yan Nijar ya zaɓi kuka da daddawa da kansa, yana sansana kowane ƙulli. Na ce ya bari in dafa, ya ce, "Cikinki ne ya ci abincinsu?" Sai da na ja masa kujera gaban murhu, yana zaune ya kaɗa miya, ni na tuƙa tuwon shinkafa yana yi mini gyara. Ya wanke farantin nan sau uku. Ya sa farar babbar rigarsa, wadda ta yi masa yawa yanzu.

Ƙarfe ɗaya daidai aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga wata 'yar tsohuwa, gashi fari fat, sanda a hannu, ta haura tamanin amma a miƙe take. Ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan littafi da koren bangonsa ya koɗe, ta gyara tabarau, ta karanto da Hausa, "Sannu da gida. Ina gajiya. Yaya iyali." Kawu ya rasa abin da zai yi da hannayensa. Ya durƙusa zai gaishe ta, sai da ni da ita muka taru muka ɗaga shi.

Bayan an zauna an yi ta'aziyyar Helmut, ya tashi da kansa ya ɗauko farantin, malmala biyu da miya da cinyar kaza. Ya ajiye a gabanta ya ce da Turancinsa, "Inna, za ki ci?"

Ta dubi abincin, ta dube shi, ta yi murmushi ta ce, "A'a, na gode, na ƙoshi."

Ban taɓa ganin fuska ta faɗi irin ta Kawu a lokacin ba. Ya sunkuya ya ɗauki farantin ya nufi kicin, na bi shi. Ya zauna a kujerar gaban murhu, hawaye na bin gemunsa.

"Kawu, ka sake tambayarta mana."

"Bajamushiya ce, Ramatu. Ba sa faɗar abin da ba shi ba. Ta ce ta ƙoshi, ta ƙoshi. Allah bai nufa ba."

Na ɗauki ruwa na kai mata. Na tarar da tsohuwa ta miƙa wuya tana leƙen ƙofar kicin, littafin a buɗe a cinyarta, ta lanƙwashe yatsa ɗaya. Ta jawo ni kusa ta raɗa mini, "Saura biyu, ko ba haka ba? Me ya sa ya daɗe? Tun jiya ban ci komai ba, don in bar wa tuwon wuri."

Na koma kicin ina dariya ina kuka, na ce, "Kawu, tashi. Kai ka zama Bajamushe, ita ta zama Bahaushiya. Abin da ka gaya mata a gaban zomaye shi take bi. Jira take ka matsa."

Kun san Kawu, ko a nan sai da ya tsaya gardama. "Shekara ashirin da wani abu ban yi tayi na biyu ba. In Alhaji Tanko ya ji fa?"

"Ni zan fara gaya masa. Ɗauki farantin."

Ya share fuska da hannun riga, ya koma ya ajiye, ya ce, "Inna, ki ɗan taɓa mana." Ta lanƙwashe yatsa na biyu ta ce a'a, ita kam ta gode. Kawu ya gyara tsayuwa, sai ga muryar kakarmu ta fito daga bakinsa, wadda na ɗauka ya binne ta tun a Jamus. Da Hausa ma ya yi, bai tsaya neman Turanci ba. "Haba Inna, ai ba za ki shigo gidana ki fita haka ba. Ko loma ɗaya ce. Don Allah, don darajar Helmut." Ta duba littafin, ta karanto a hankali, "To, tunda ka matsa."

Ta ture cokalin da na kawo ta wanke hannu. Malmala biyu ta tashi da su, ta nemi ƙari, kuma a ƙarin ba ta jira an tambaye ta ba. Tana ci tana ba mu labari cewa tun tafiyar Kawu ita da Helmut ba su sake yi wa baƙo tayi ɗaya ba, sai uku, har maƙwabta suka riƙa cewa gidansu ba a shiga a fito da wando daidai. Ta ce kullum Helmut yakan ce wa ya san ko mutum kunya yake ji. Kawu bai ci komai ba. Ya zauna ya tallafe haɓa yana kallon kowace loma har ta sauka. Da ta gama ya ɗauki farantin ya duba ba ko miya a jiki, ya ce, "Alhamdu lillahi," sau ɗaya, a hankali.

Kwana huɗu ta yi ta koma. Shi kuma bai cika wata biyu ba aka kwantar da shi a asibiti. Ranar ƙarshe na biya da safe cikin kayan aiki, na gyara masa matashi, na ce, "Kawu, in kira in ce ba zan zo aiki ba, in zauna da kai?"

Ya ce, "A'a, tafi aikinki, ina lafiya."

Na ɗauki jaka har na kai ƙofa, don shekara da shekaru ya koya mini cewa a'a a'a ce. Sai na tuna yatsun tsohuwar nan. Na dawo na ce, "Kawu, in zauna?"

"Na ce ki tafi, tsohuwar da kike dubawa na jiranki."

"Kawu, don Allah ka bar ni in zauna."

Ya dubi silin. Sannan ya matsar da hannunsa zuwa bakin gado ya buɗe tafinsa, ya ce, "To, tunda kin matsa."

Na zauna na riƙe hannun. Muka yi azahar tare, shi a kwance. Bayan la'asar kaɗan ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, ban je ko'ina ba.

Farantin yana saman kabad ɗina yanzu, na haɗa shi da ɗan'uwansa. Duk wanda ya zo gidana cikinku zai sha tayi har sai ya gaji, kuma Alhaji Tanko ya riga ya san labarin, na cika alkawari.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa yunwar da ya sa bayinsa, ya saka wa waɗanda suka ɗauke shi daga bakin titi cikin sanyi ba su san shi ba. Ya Allah, yau baƙonka ne, kuma ka fi mu sanin mai kunya ne duk da bakinsa. Ka karɓi baƙuncinsa, ka matsa masa da rahamarka har sai ya ƙoshi. Amin.